Cutar da ke sauya zane: labarin rayuwata da kanjamau

Assalamu alaikum. Ni mace ce 'yar shekara 41, haifaffiyar cikin birnin Kano, sana'ata ɗinki. Shekara 17 ke nan da aka gaya mini ina ɗauke da ƙwayar cutar kanjamau. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan ambaci sunan kowa ba, saboda 'yata da ke makaranta da kuma waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, akwai wani hali na cutar nan da na yi shekara 9 bayan an gano ina ɗauke da ita ban san shi ba, kuma saura ƙiris rashin saninsa ya kai ni kushewa.

A gidan ɗinki na tashi. Innarmu tana da tsohon keke na ƙafa a rumfar tsakar gida, ni kuma aikina tun ina 'yar shekara 6 shi ne tsintar ƙyallaye a ƙarƙashinsa ina yi wa 'yar tsana riga. Kafin in kai 12, in aka miƙo mini ƙyalle ko da faɗin yatsa biyu ne, zan faɗi atamfar wace ce a unguwa. Na yi makaranta zuwa aji 3 na ƙaramar sakandare, daga nan na koma kan keke. A 2003 aka ɗaura mini aure da wani ɗan kasuwa mai tebur a Kantin Kwari. Mutum ne mai sanyin hali, bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma har yau ina sa shi a addu'a. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya karanta abin da zai biyo baya ya zage shi.

Wata 2 da tarewata na kwanta zazzaɓi. Maƙogwaro ya yi ciwo, kaluluwa ta fito a wuya, wasu ƙuraje suka feso a ƙirji. Aka sayo maganin zazzaɓin cizon sauro a kemis, da bai yi ba aka koma na taifot. Bayan mako 2 na miƙe garau. Tsofaffi suka ce sauyin gida ne. Ban sake tuna wannan zazzaɓin ba sai bayan shekara 14.

Na haifi ɗa namiji a 2004. Bai taɓa yin ƙiba ba. Yau gudawa, gobe farin baki, jibi tari. Aka ce haƙori ne, aka ce nonona ne ba shi da kyau, na sha saiwoyi har na gaji. Ya koma ga Mai shi yana da wata 14. Ba wanda ya ce a yi gwaji, ni ma tunanin bai zo mini ba.

Sai 2008, da na sami wani cikin, na je awo aka ɗebi jinin kowa. Aka sallami mata ɗaya bayan ɗaya, ni aka ce in jira. Wata mata ta shigar da ni wani ɗan ɗaki, ta turo ƙofa, ta ce, "Baiwar Allah, da wa kika zo?" Na ce ni kaɗai. Ta yi magana mai tsawo, amma ni idona yana kan hannun rigarta, inda telan ya karkace wajen kalmasa. Shi kaɗai nake iya tunawa sosai. Na fito na bi titi da ƙafa har gida, kuɗin mota na ƙulle a bakin zanena, ban tuna da su ba.

Bayan sallar isha na gaya wa maigida. Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce, "Allah ya rufa mana asiri." Na roƙe shi ya je a duba shi, ya ce sai kasuwa ta lafa. Lokacin ya riga ya fara tarin dare da gumi. Ni dai aka ba ni magani a ƙarshen cikin da lokacin naƙuda, jaririya kuma aka ba ta na ɗigawa a baki. Tana da mako 6 aka tsaga diddigenta aka ɗiga jini a kan takarda, aka sake gwaji tana da wata 18. Ba ta ɗauka ba. Shi kuwa tarin fuka ya ci ƙarfinsa, aka kai shi asibiti a makare, ya rasu a 2009 yarinyar tana da wata 5.

A cikin takaba na ji maganar da ta fi sakamakon gwaji ciwo. Ina ɗaki, mata suna tsakar gida, wata ta ce, "Shi ya ƙare kamar tsinke, ita ga ta nan ɓul-ɓul." Surukata ba ta tanka ba, amma ba ta hana ba. Daga ranar maganar ta zauna mini a zuciya. Cuta ɗaya, gado ɗaya, tuwo ɗaya, me ya sa ta cinye shi ta bar ni? Wani dare in ce ni ce mai laifi ta wata hanyar da ban gane ba, wani dare in ce ƙila ma gwajin ne ya yi kuskure. Wannan tunani na biyu shi ya yi mini illa daga baya.

A wancan zamanin ba a ɗora mutum kan magani da zarar an gano, sai sojojin jikinsa sun ragu. Sojojin da ake ƙirgawa su ne CD4. Mai lafiya yana da tsakanin 500 zuwa 1,500 a ɗan ɗigon jinin da suke aunawa, in suka yi ƙasa da 200 an shiga haɗari. Nawa 640 ne a farko. Duk wata 6 in je, in dawo da lamba a katina: 580, 520, 410. Ba na jin ciwon komai, ina ɗinkin sallah har asuba, amma lambar tana zurarewa kamar buhun gero da ɓera ya huda ta ƙasa. A 2013 ta kai 310, aka ɗora ni kan ƙwaya mai haɗin magani 3, safe da dare, ɗaya daga cikinsu sunansa nebirafin. Kyauta ake bayarwa. Na riƙe shi da gaske shekara 3.

A 2016 aka yi mini gwajin yawan ƙwayar cuta a jini. Ma'aikaciyar ta duba takarda ta yi murmushi ta ce, "Madalla, ba a ga komai ba." Ita abin da take nufi, maganin ya danne cutar har na'ura ba ta iya ƙirga ta. Ni kuwa abin da kunnena ya ji shi ne babu. Na fita ina hamdala, tsohon tunanin nan ya dawo da ƙarfinsa: ashe dama ba ni da ita, ko kuwa ta fita.

A shekarar na koma gidan gwaggona da zama, gida ne mai cike da jama'a, ɗaki ɗaya mu 4. Ƙwayoyin suna ƙara a cikin roba, sai na cusa ƙyalle a ciki don kada a ji. In akwai ido a ɗaki, sai in ce bari a watse, barci ya ɗauke ni. Ga kuma wani bawan Allah ya fito yana nemana da aure, ni kuma ina so in zama kamar kowace mace. Sai wata ƙawata ta kai ni wurin wani mai magani da ya ce yana fitar da cutar ta fitsari cikin kwana 40, amma nasa da na asibiti ba sa haɗuwa. Ban iya sakin na asibiti gaba ɗaya ba, tsoro ya hana ni. Sai na raba: mako guda wannan, mako guda wancan. Na ɗauka dabara na yi, na riƙe igiya biyu. Ashe a duk abin da mai cutar nan zai yi wa kansa, wannan yana cikin mafi muni.

Manemin nawa na gaya masa gaskiya kafin magana ta je gaban manya. Ya janye, amma ya rufa mini asiri, Allah ya saka masa. Na yi kuka na kwana da kwanaki, na ƙara sakaci da magani.

Damina ta 2017 wasu ƙuraje masu zafin wuta suka zagaye gefe ɗaya na haƙarƙarina. Bakina ya yi fari irin na ɗana marigayi, zanen da nake ɗaurawa ya fara zagaye ni sau biyu. Na koma asibiti kaina a ƙasa. Gwajin yawan ƙwayar cuta ya nuna 84,000. Aka ce in sha magani ba fashi wata 3 a sake aunawa. Wallahi ko sau ɗaya ban tsallake ba. Aka sake, 31,000. Ƙa'idar ita ce ya sauka ƙasa da 1,000.

Likitar ta ajiye biro ta ce, "Hajiya, maganin nan ya daina yi miki aiki. Ƙwayar ta sauya."

Na ce, "Likita, wata aka sake sa mini?"

Ta ce, "A'a. Ita ce dai, jikokinta ne. Ba su yi kama da kakarsu ba."

Layi yana jiranta a waje, ba ta da lokacin da za ta ƙara. Na tafi da wannan magana tana yi mini yawo a ka.

Autanmu lokacin yana jami'a yana karanta ilimin ƙananan halittu. Shi ne na farko a gidanmu da na buɗe wa baki, bayan shekara 9. Ya zo shago da yamma, na gaya masa, ya kifa kai a kan teburin yanka ya yi kuka. Da ya share hawaye ya ce, "Yaya, me likitar ta ce daidai?" Na maimaita masa. Ya ce in ba shi kwana 2. Ya dawo da takardu, muka zauna tun la'asar har aka kira isha. Yana faɗa da kalmominsu na makaranta, ni ina mayarwa da abin da na sani, in na kauce ya gyara mini. Ga yadda na fahimce shi, kuma daga baya da na sami horo a asibiti na tarar haka yake.

Jikin mutum gari ne mai shaguna ba iyaka, kowace ƙwayar halitta shago ce da ake aiki a ciki ba dare ba rana. Dokar garin ita ce, duk abin da ake ɗinkawa a ciki, sai an yanko ɗan ƙyallensa an rataya a igiya a bakin ƙofa. Wannan igiyar ita ake kira HLA. Akwai wasu sojoji, CD8, da ba sa shiga shago, bakin ƙofa kawai suke dubawa. Kowane ɗaya zane guda ya haddace. In ya ga ƙyallen da ba na garin ba ne, ya san baƙo ya ƙwace keken ciki yana ɗinka nasa, sai ya rushe shagon gaba ɗaya da abin da ke cikinsa. Ƙyallen ɗan mitsitsi ne, Auta ya ce ɗigo 8 zuwa 11 ne kawai a jere. Na ce wannan ai aikina ne tun ina yarinya, gane atamfa da faɗin yatsa biyu.

Ya tambaye ni ko na taɓa wani zazzaɓi mai kaluluwa a farkon aure. Gabana ya faɗi. Ya ce sau da yawa haka shigar cutar take, kuma saukar zazzaɓin alama ce ta sojojin nan sun taso sun rage ta ƙwarai. Wato jikina ya yi yaƙi, ya ma yi nasara a karon farko, ni ban sani ba.

To me ya hana su gamawa da ita? Ƙwayar kanjamau ba ta haihuwa da kanta, sai ta shiga shagon wani ta kwafi rubutunta, haruffa wajen 9,700. Abin da take kwafin da shi ba ya waiwaye. Kamar yarinyar da ke koyon ɗinki ce, wadda ba ta warware kuskure, kuma ba ta komawa kan awon asali, rigar jiya take ɗorawa ta yanka ta yau. A jikin wanda ba ya shan magani ana iya yin sabbin ƙwayoyi wajen biliyan 10 a rana guda. A irin wannan yawa, duk wani kuskuren harafi ɗaya da zai yiwu sai ya auku, kuma kullum. Mafi yawansu lalatattu ne, ba sa zuwa ko'ina. Amma a ciki sai a sami wadda kuskurenta ya faɗa daidai kan ƙyallen da soja ya haddace. Fure ɗaya ya sauya a zanen, soja ya zo ya duba ya wuce. Wani sauyin ma yakan sa ƙyallen ya ƙi zama a kan igiyar sam.

Na ce, "Auta, ashe wayo gare ta." Ya ce, "Yaya, ba ta da kai balle wayo. Rariya ce." Sojoji suna kashe duk wadda suka gane, wadda ba su gane ba ita ke saura, ita ke hayayyafa ta cika wurin. Cikin makonni kaɗan da kamuwa wannan yake farawa. Jiki ya horar da sabbin sojoji su haddace sabon zane, kafin su gama an sake wani. Shekara da shekaru ana haka har sojojin su gaji, ƙarfinsu ya ragu. Abin da ya fi muni, shagunan da cutar ta fi son shiga su ne CD4, su ne kuma masu ba sauran sojoji umarni da ƙwarin gwiwa. Lambar da nake gani tana zurarewa a katina, wannan yaƙin ne.

Akwai kuma wani abu da take ɗauke da shi, sunansa Nef, aikinsa kwance igiyar daga bakin ƙofa ya ja ta ciki. Amma ba ya kwance duka. Jiki yana da wasu dakaru, NK, da ke rushe duk shagon da suka gani ba igiya ko ɗaya, don sun san mai gaskiya ba ya ɓoye ƙyallensa. Sai Nef ya cire igiyoyin da CD8 suka fi dubawa, ya bar waɗanda za su kwantar wa NK da hankali. Da na ji wannan sai da tsigar jikina ta tashi. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya halicci abin da ido ba ya gani, ya kuma ba bayinsa ilimin gano shi.

Sannan na yi masa tambayar da ta ci ni tun takaba. Ya ce abu biyu ne. Na farko, wanda ba ya shan magani yakan yi shekara 8 zuwa 10 kafin ciwo ya kayar da shi, don haka wanda ya riga kamuwa yakan riga faɗuwa, ko da rana ɗaya aka gano su. Na biyu, igiyoyin nan ba iri ɗaya ba ne a jikin kowa. Gado ne, 3 daga uwa, 3 daga uba, kuma kowace irin ƙyallen da take iya riƙewa daban. Wani igiyarsa tana rataya ƙyalle daga gefen da cutar za ta iya sauyawa ba ta yi asarar komai ba. Wani kuwa tasa tana kamo daga inda in cutar ta sauya sai ta gurgunce, kamar a taɓa wuyan riga. Masu irin wadda ake kira B57 suna cikin waɗannan, har akwai 'yan ƙalilan, ba su kai 1 cikin 100 ba, da jikinsu ke danne cutar shekaru ba magani. Kuma ƙwayar da ta saba da igiyoyin miji, in ta shiga jikin mata ta tarar da wasu daban, sai ta sake sabon lale. Ba ƙarfin imani ba ne, ba kuma mugun abu wani ya yi ba. Na yi shiru ina kallon keke. Shekara 8 ina ɗauke da maganar matar nan ta tsakar gida, a yammacin nan na sauke ta.

Saura batun magani, kuma nan ne laifina yake. Rariyar dai ita ce. An haɗa magani 3 ne, tun 1996 ake haka, saboda da wuya ƙwaya ɗaya ta yi kuskure 3 da za su tsirar da ita daga dukkansu a lokaci guda. In ana sha kullum, kwafin ma tsayawa yake, in kuwa ba a kwafi ba a kuskure, ba sabon zane. Amma nebirafin yana daɗewa a jini kwanaki bayan sauran biyun sun fita. Duk makon da na ajiye na koma kan garin mai magani, na bar cutar ta farka ta tarar da mai gadi ɗaya tal, shi ma ƙarfinsa yana raguwa. Harafi ɗaya take buƙata ta sauya ta wuce shi. Na ba ta wannan dama ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Da hannuna na tankaɗe mata.

Kuma "ba a gani ba" ba ta nufin babu. Cutar tana saka rubutunta a cikin wasu CD4 da ke barci, kamar turmin atamfa da aka ninke a ƙasan akwati. Shagon da ba a aiki ba ya rataya ƙyalle, soja ba ya ganinsa, magani ba ya taɓa shi. In aka daina sha, yawanci cikin mako 2 zuwa 4 take dawowa. Wadda ta koyi tsallake nebirafin ita ma ta shiga akwatin, don haka ni da wannan magani har abada.

A nan ina da ƙorafi, kuma zan faɗe shi. Shekara da shekaru ana ce mana "ku sha magani kullum, kada ku yi fashi," amma ba a gaya mana dalili. Ana ganin mace ba ta yi boko mai zurfi ba, ba za ta gane ba. Ni da aji 3 na gane, da ƙyalle da igiya. Da an ba ni wannan bayani a 2013, ko na minti 10 ne, da ban raba mako ba. Na san ma'aikatan sun yi kaɗan, layi kuma ya yi tsawo, na gani da idona. Duk da haka umarni ba dalili ba ya daɗewa a zuciyar mutum, musamman ran da ya ji garau.

A farkon 2018 aka mayar da ni layi na biyu, wato wani haɗin magani da ake ba wanda na farko ya daina yi wa aiki. Ƙwayoyin sun fi girma, ɗaya daga ciki kuma ya sa idona ya yi rawaya, masu kawo ɗinki suna ta ce mini shawara ce in nemi saiwa. Likita ta ce ba komai, halin maganin ne. Na sa ƙararrawa a waya ƙarfe 9 na dare. Na kira gwaggona na gaya mata komai, na cire ƙyallen daga cikin robar. Ta ce, "'Yar nan, da kin faɗa tun farko ai da ni zan riƙa tashinki." Haka kuwa ta yi har Allah ya karɓi ranta. Bayan wata 6 gwaji ya sauka ƙasa da 1,000, bayan shekara aka ce ba a gani ba. Wannan karon na san ma'anarsa. Daga baya aka mayar da ni kan ƙwaya ɗaya a rana mai dolutegrabir, wanda cutar ke shan wuya kafin ta tsallake shi, amma ban ɗauki hakan lasisin wasa ba.

A 2019 aka nemi mata masu cutar da za su riƙa zama da masu ciki da aka gano suna da ita, na ba da sunana. A shekarar ne aka fitar da sakamakon babban binciken ƙasa, mutum wajen miliyan 1.9 ke ɗauke da ita a Najeriya, yankinmu na arewa maso yamma kuma shi ne mafi ƙarancin kaso na masu ita. Na ji wasu suna murna da haka. Ni dai abin da na sani, ranar asibitinmu benci ba ya isa, kuma da yawa daga unguwa mai nisa suke zuwa da niƙabi don kada a gane su. A wurin horo na ji cewa irin cutar da ta fi yawa a ƙasar nan ma haɗin iri biyu ce, A da G, da suka gauraya, kuma a Ibadan aka fara gano ta. Da korona ta zo mutane suna mamakin yau a ce Delta gobe a ce Omikron, wasu har suna cewa ƙarya ce ake ƙirƙira. Ni ban yi mamaki ba, na riga na ga irinsa a jinina. Wannan saurin sauyawa yana cikin manyan dalilan da suka sa tun 1983 da aka gano ƙwayar kanjamau har yau ba a sami allurar rigakafinta ba.

Dokar gwaji kafin aure da aka sa wa hannu a Kano a 2024 ta faranta mini rai, na tuna kaina a 2003 da ɗana da ban san me ya ɗauke shi ba. Farkon 2025 kuma da labari ya zo cewa Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa, hankalin mata ya tashi. Wata ta ce mini za ta riƙa sha yau ta huta gobe don robarta ta kai wata 2. Na riƙe hannunta na zaunar da ita, na ciro ƙyalle daga jakata, na yi mata bayanin Auta tun daga igiya har akwati. Yanzu kullum da ƙyalle biyu nake zuwa, zanensu ɗaya sai fure guda da ya bambanta, in ce su nuna mini bambancin. Yawanci sai sun daɗe suna dubawa.

'Yata tana ajin ƙarshe na sakandare. Na gaya mata tana da shekara 15, ta yi kwana 2 ba ta ci abinci sosai ba, a na uku ƙarfe 9 na yi ta kawo mini ruwa a kofi. Ban sake aure ba, ko da yake likita ta tabbatar mini wadda cutarta ke danne haka ba ta sa wa miji. In rabo ya zo ba zan ƙi ba. Tabon ƙurajen nan yana nan a haƙarƙarina, yakan yi mini zugi lokacin sanyi. Gwajina na watan jiya ya fito, ba a gani ba.

Akwai wata yarinya 'yar shekara 20 da na karɓa tana da ciki wata 5. Ta haihu lafiya, jaririn ya tsallake gwajin farko, aka gaya mata nata jinin ma ba a ga komai ba. Wata 2 ke nan ba ta zo karɓar magani ba, wayarta a kashe. Na sami kwatancen gidan wurin wata maƙwabciyarsu. Gobe in Allah ya kai mu zan rufe shago da azahar in je, da sunan na kawo mata ɗinki.